Mijina Ya Sayar da Tattabarun Ɗanmu Don Ginin Majami'a

Zuwa ga Anti Hilda,

Don Allah ki taimake ni. Shekara talatin da ɗaya ina gidan aure ban taɓa kai ƙarar mijina wurin kowa ba, ko wurin mahaifiyata lokacin tana raye, sai ga shi yau ina zaune a teburin kicin ina rubuta wa wadda ban taɓa gani ba. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko suna cikin murhu. In kin ga maganata tana yawo ki yi haƙuri, haka kaina yake yanzu. Sunayen da za ki gani na canza su, ko da yake maigidana ba ya karanta shafin mata. Ya ce shi jaridarsa daga labarin ƙwallo sai farashin kwal.

Kin san garinmu ko ban faɗa ba, don shi kaɗai ne a gundumar nan yake da babbar majami'a rabi a gine a kan tudu. An fara ta kafin yaƙi, yaƙi ya tsayar da ita, ta yi shekara goma sha wani abu a tsaye ba rufi, ciyawa na tsirowa a tagoginta. Daga tagar kicin ɗina ake hango ta. Da aka zo aka ce kowa ya sayi tubali ɗaya, sule biyu da sisi, ya rubuta sunansa a jiki a saka a bango, mijina Horace ne na farko a layinmu da ya yi wa abin dariya. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, coci kuwa sai Kirsimeti da jana'iza. Yakan ce, "Bishof na son rumbu, sai ya taɓa aljihunsa. Ni rufin ɗakin wankina ma yoyo yake yi."

'Ya'yanmu biyu. Sheila tana Ostareliya da mijinta, sai Clive, autanmu. Shi ne ya fara sayen tubali a gidanmu, kuma ba don ibada ba. Tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya yake kiwon tattabarun tsere. Shi da babansa suka haɗa musu ɗaki a bayan gida da tsofaffin akwatunan tasha. Kowace Lahadi da safe sai ya ɗaura kwando a bayan keke ya hau tudun nan ya sake su, don su koyi hanya. Yakan ce mini, "Mama, ki bar su su gina. Ranar da hasumiyar nan ta tashi, tsuntsayena tun daga bakin teku za su hango gida."

Akwai wata shuɗiya a cikinsu da ya fi so. Karon farko da ya sa ta a tsere daga Faransa, kowa ya dawo ban da ita, sai bayan kwana tara muka gan ta a kan rufi, a rame, fiffike ɗaya a saɓule. Daga nan ya sa mata suna 'Yar Latti, kuma sunan bai fita ba ko bayan ta ciyo masa kofi biyu. A jikin tubalinsa ya rubuta sunansa da nata. Matar da ke teburin sayarwa ta tambaye shi ko budurwarsa ce, ya ce, "Ita ce, ranki ya daɗe, sai dai ba ta zaman gida."

A watan Fabrairun shekarar da ta wuce waccan, ya dawo daga gareji ranar Talata ya ce kansa na sarawa, wuyansa ya riƙe. Na ba shi shayi da asfirin, na ce mura ce. Ranar Asabar da rana muka fito daga asibiti da agogonsa da takalmansa a cikin jakar takarda. Sanƙarau ne. Shekararsa ashirin da biyu. Ni ce na ce mura ce, Anti. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ban ma san abin da ya sa na rubuta shi ba, amma ba zan soke ba.

Horace bai yi kuka ba, ko a maƙabarta. Kwana tara da binne Clive ya sa kwat ɗinsa ta fita unguwa ya hau tudu, ya dawo da gwangwanin tara gudummawa da katin kwamiti. Tun daga ranar ban ƙara samun miji ba. Ya dawo aiki, ya sha shayi a tsaye, ya fita bin gidaje. Ba ƙofar da ba ya ƙwanƙwasawa, har gidan giya, har gidajen 'yan Katolika da majami'ar ba tasu ba ce. Ranar Asabar ya wuni a teburin tubali a kan tudu, ko ana ruwa. Ya bar taba don ya riƙa saka kuɗinta a gwangwani. Gari duka sun san shi, Baba Tubali suke ce masa. In ya shiga wurin mahauci sai ka ji an ce, "Jama'a, ku dafe aljihu, ga Baba Tubali nan!" Mata suna tare ni a kasuwa suna cewa na yi sa'ar miji. Ni kuwa sai in ce na gode.

A gida ba ya magana. Tun da aka haifi Sheila "Mama" yake kirana, yadda yaran ke kira. Daga ranar asibitin nan ya koma "Edna". Duk lokacin da na ji sunana a bakinsa sai in ji kamar an sallame ni daga aiki.

Ni kuma na koma wurin tattabaru. Ashirin da shida ne. Ban san komai a kansu ba, da can ma faɗa nake yi saboda kashinsu a kan shanyata. Amma ba wanda zai ba su abinci, sai na ɗauko ɗan littafin da Clive ke rubuta komai a ciki, na bi shi layi-layi. Na koyi kankare ƙasan ɗakin, na koyi girgiza gwangwanin masara yadda yake yi su sauko. Fiton da yake kiransu da shi ne kawai ya gagare ni. Kullum da safe in Horace ya tafi aiki sai in shiga in zauna a kan akwatin da Clive ke zama, in gaya musu labarin gida. Na san yadda wannan zai yi a kunnen mutum. Amma wannan awa ɗayar ce kaɗai a yini nake numfashi har ƙasan ƙirjina.

A watan Oktoban bara kwamiti ya ce in ba a yi rufi kafin sanyi ya kama ba, ɗan kwangila zai kwashe mutanensa, ruwa kuma zai ɓata aikin shekara uku. Aka sa ranar gwanjo. Kowa ya kawo abin da yake da shi, wani keke, wata rigar aurenta, wani manomi har da alade. A makon ne aka yi wa yayata Winnie aiki a ƙafa, na je na yi mata kwana huɗu. Da na dawo ko jaka ban ajiye ba na zaga baya. Na tarar da ƙofar ɗakin tattabarun a buɗe. An share, an wanke, an shafa farar ƙasa. Ko gashi ɗaya bai bar mini ba.

Yana zaune a kicin yana goge takalmi. Na ce, "Horace, ina suke?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "An sayar. Sun yi daraja ƙwarai, masu kiwo har daga arewa suka zo."

Na ce, "Ka tambaye ni?"

Ya ce, "Da na tambaye ki da ba ki yarda ba. Kashe ki suke yi, Edna. Kullum kina can kina hira da tsuntsaye, maƙwabta suna ji. Gara su zama rufi, yaron ma abin da yake so ke nan."

Anti, a nan ne na faɗi abin da ba na iya mantawa. Na ce masa, "Ka sayar da ɗanka a kan tubali. Da ma kai aka ɗauka aka bar mini shi."

Ya ajiye burushin a hankali. Ya ɗaure igiyar takalminsa, ya ɗauki hularsa da gwangwaninsa ya fita. Wata bakwai ke nan, ba wanda ya sake ta da maganar. Ina dafa masa abinci, yana miƙo mini albashinsa ranar Juma'a, muna cewa sannu da sannu kamar baƙi biyu a ɗakin jiran jirgi.

Wanda ya sayi 'Yar Latti wani Mista Oldroyd ne, garinsu mil arba'in daga nan. Duk mai kiwo ya san tsohuwar tattabara ba ta sabawa da sabon gida, shi ya sa ake kulle ta don ƙwai kawai. To a watan Maris ta sami ƙofa. Ina wanke kwanuka da safe na ɗaga kai, sai ga ta a kan rufin ɗakin nan da ba kowa, tana leƙa ciki. Na ajiye kwanon na fita waje. Horace ya fito ya tsaya yana kallonta, ya daɗe. Na ce a raina yau zai yi magana. Sai ya shiga ya ɗauko kwando. Ya ce, "An biya kuɗinta, kuɗin kuma yana cikin bango." Ya tafi da ita tasha ya sa ta a jirgin ƙarfe tara. Bayan wata ɗaya ta sake dawowa, ya sake mayar da ita. Wannan karon na bi shi da ido har ya sha kwana, kuma a ranar na san zan iya tsanar mutumin da na aura.

Mako uku da suka wuce ta dawo karo na uku, yana wurin aiki. Shaho ya taɓa ta, ƙirjinta a tsage, jini ya bushe a gashinta. Ban yi tunani ba ko kaɗan. Na ɗauke ta a cikin rigar girkina na hau bene da ita ɗakin kwanan Clive, don shi ne wuri ɗaya a gidan da na san Horace ba zai shiga ba. Shekara biyu ko hannun ƙofar bai taɓa ba. Na ɗinke raunin da zaren siliki yadda littafin ya ce. Ta rayu. Tana nan a cikin akwatin kaya kusa da taga, na shimfiɗa mata jarida. In ya dawo gida sai in ƙure rediyo saboda kukanta.

Mista Oldroyd ya rubuto wasiƙa, cikin mutunci, yana tambaya ko ta iso. Horace ya karanta a tebur, ya dube ni ya ce, "Kin gan ta, Edna?" Na dubi tsakiyar idonsa na ce ban gan ta ba. Ƙaryar farko ke nan da na yi masa tun da muka yi aure. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce, "To, ƙila shaho ne."

Abin ya hana ni sukuni. Asabar ɗin da ta wuce na ce bari in hau tudun in gaya masa gaskiya a can, tunda a gida bakinmu ba ya buɗuwa. Rabona da wurin tun Clive na da rai. Na isa bakin filin, na hango teburin, mutane sun yi layi, yara da tsofaffi da wasu sojoji biyu. Ga Horace a tsakiya yana miƙa wa wata tsohuwa fensir yana cewa, "Iya, rubuta da kyau, mala'iku ba su iya karatun rubutun likita ba!" Kowa ya fashe da dariya, shi ma ya yi, har da jefa kai baya, irin dariyar da yake yi lokacin da shi da Clive ke zolayata. Ashe tana nan. Ashe bai rasa ta ba, gida ne kawai ba ya kawo ta. Na juya na sauko, ban san yadda na iso gida ba.

Sai kuma wani abu da ya ƙara rikita ni. Shekaranjiya da safe na hau sama, na tarar da ƙaramar jakar takarda a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin Clive. Wake ne da masara irin na tattabaru, har da 'yar tsakuwar da ake haɗa musu. Ba ni na saya ba, ni da alkamar kicin nake ciyar da ita. Mu biyu ne a gidan. Ya sauko ya sha shayinsa ya tafi aiki kamar kullum. Na kasa gane ko tausayi ne, ko so yake ya nuna mini ya san ni maƙaryaciya ce.

Yanzu ga inda nake. Wata mai zuwa za a keɓe babban zauren majami'ar, an gama rufin, hasumiya ce ta rage kuma an ce wani attajiri ya ɗauki nauyinta, don haka za a rufe karɓar gudummawa. An zaɓi Horace cikin waɗanda za su shiga a jerin gwano. Ya ajiye mini katin gayyata a kan tebur. Ni kuwa in na dubi ginin nan ba na ganin ɗakin Allah, tattabaru ashirin da shida nake gani da mijin da aka ƙwace mini. Na san saɓo ne, amma haka nake ji. Mista Oldroyd ya ce zai shigo garinmu ranar Lahadi ta sama, zai biyo ya gaishe mu. Winnie kuma ta ce in tattara in koma wurinta, ni da tsuntsuwar, akwai ɗaki. Ta ce, "Ki bar shi ya auri hasumiyar, ta dafa masa."

Anti, ni ɓarauniya ce? In mayar da ita a sake kulle ta, bayan ta ratsa mil arba'in da ƙirji a tsage? In je bikin in tsaya kusa da shi ina murmushi, ko in tafi wurin Winnie in bar masa gidan? Shekarata hamsin da huɗu. Na rasa ɗa, ban san ko na rasa miji ba ko kuwa ni ce na kore shi da bakina.

Taki cikin damuwa,
Uwa daga ƙasan tudu

*

'Yar'uwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun sai da na cire tabarau na goge. Allah ya jiƙan Clive. Yanzu ki gyara zama, don akwai aiki a gabanki kafin Lahadi ta sama, kuma ba zan ɓoye miki komai ba.

Bari in fara da abin da kika ce ba za ki soke ba. Na tambayi wani likita da na sani, ba tare da na ambaci kowa ba. Ya ce ranar farko ciwon nan su kansu yakan zo musu da kamar mura. Kin ba ɗanki shayi ne don kina uwarsa, abin da kowace uwa a layinku za ta yi ke nan. Kin ɗauki wannan kaya ke kaɗai shekara biyu. Ya isa haka.

Sai tsuntsuwa. Ke ba ɓarauniya ba ce, kin ceci ran abin da ya faɗo miki a tsakar gida. Amma gaskiya ita ce ta Mista Oldroyd ce, ya saya a fili ya biya, bai cuci kowa ba. Kada ki jira ya zo ya zauna a falonki kina ƙure rediyo. Ki rubuta masa yau, da hannunki. Ki gaya masa tana wurinki, ki gaya masa ta wane ne da yadda ta iso, ki roƙe shi ya sayar miki da ita, ki kuma yi masa alkawarin 'ya'yanta na farko in ta yi. Masu kiwon tattabaru mutane ne masu taurin kai, amma ban taɓa jin wanda bai girmama tsuntsuwar da ta gudu gida sau uku ba. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, sai ki miƙa masa da hannunki, kin san dai ba ki ɓoye ba. Ina kyautata zaton ba zai ƙi ba.

Amma kafin ki kai wasiƙar gidan waya, Horace zai fara karanta ta.

Mijinki ya yi miki laifi, kuma babba. Tattabarun nan ba nasa ba ne shi kaɗai, ya san haka, shi ya sa ya jira sai da kika bar gari. Ko ginin ɗakin Allah ne, ba a yin sa da abin da aka ɗauke a bayan idon mai shi. Kada wani ya ce miki don aikin alheri ne ba ki da ikon jin zafi. Kina da shi, kuma ya kamata ya ji daga bakinki, sau ɗaya, a fili, ba cikin faɗa ba.

To amma ki dubi ɗayan gefen. Mutumin da ke yi wa majami'a ba'a ba ya wayar gari ya zama mai bin gidaje don ya ga haske. Ɗansa ya ce yana son hasumiyar nan ta tashi, shi ke nan abin da ya rage masa da zai iya yi wa yaron da hannunsa. Ke kin riƙe abin da Clive ya bari, shi ya kama abin da Clive ya so. Kowannenku ya dubi ɗan'uwansa ya ga kamar ya haukace. Ina kuma ganin da gaske ya tsorata da yadda kike shigewa ɗakin nan, sai ya yi abin da maza irinsa ke yi in sun tsorata, ya ɗauki tsintsiya maimakon ya buɗe baki.

Maganar da kika faɗa masa kuwa, ita ma babba ce. Wata bakwai yana yawo da ita a ƙirji, kuma ba mamaki ya yarda da ita, don uba da yawa da suka binne ɗa haka suke faɗa wa kansu. Ki janye ta. Kada ki haɗa ta da nasa laifin, kada ki ce sai ya fara ba ki haƙuri. Ki ce masa ba haka ba ne a zuciyarki, ki tsaya nan. Nasa ban haƙurin ko zai fito daga bakinsa ko ba zai fito ba, wannan ba a hannunki yake ba.

Ni dai a ganina ya riga ya fara. Jakar wake ba ta hawa bene da ƙafarta. Mai son ya kunyata ki, Mista Oldroyd zai kira, ba shagon hatsi zai je ba, balle ya tuna da tsakuwa. Mutumin da bai taɓa hannun ƙofar nan ba shekara biyu ya hau har bakinta ya sunkuya. Iyakar inda ƙafarsa ta iya kai shi ke nan. Sauran taku ɗayan, ke za ki buɗe masa. Dariyar da kika gani a kan tudu ma kada ta ci ki. Dariya da baƙi ba ta da tsada, don ba wanda ke kallonsa da idanun ɗansa a cikinsu. A gida ne kaɗai yake uban Clive, shi ya sa gida ya yi masa nauyi.

Ga abin da zan yi in ni ce ke. Gobe in ya dawo aiki, kafin ya ɗauki gwangwani, ki ce masa tsuntsuwa ba ta zama a ɗakin kwana, kina so ya duba miki ƙofar ɗakinta na baya. Irin mijinki ya fi iya magana in akwai guduma a hannunsa. Ki tsaya kusa ki riƙe masa ƙusoshi, ki faɗi naki a nan. Ba lalle ya amsa a ranar ba. Kada ki ɗauki shirunsa a matsayin ƙi.

Bikin kuwa, ba wanda zai tilasta miki, kuma ba saɓo ba ne don zuciyarki ta ƙi gini. Amma kafin ki yanke shawara, ki ce ya kai ki can ranar da ba kowa, ya nuna miki bangon da tubalin Clive yake. Na tabbata ya sani. In kin tsaya a wurin kin ji ba za ki iya ba, ki gaya masa, ki zauna a gida ba tare da jin kunya ba. Winnie tana ƙaunarki, ki je ki yi mata mako in kin gaji. Amma kada ki tattara kaya yanzu. Ba a yanke hukuncin shekara talatin da ɗaya a cikin shekara biyun da suka fi kowanne muni. In kin yi duk wannan ya ƙi motsi har kaka, ɗakin Winnie ba inda zai je.

Abu na ƙarshe, wanda nake ganin ba ki hango ba. Ke kin yi kukanki, shi bai fara ba. Ginin nan ne ya tsaya tsakaninsa da kukan, kuma wata mai zuwa za a karɓi gwangwanin. Za a yi waƙa, a yi jawabi, a tafa masa, kowa ya watse. Ranar Litinin zai sauko daga aiki ƙarfe shida, ba layin da zai bi, ba teburin da ke jiransa. A ranar ne Clive zai mutu masa. Ina roƙonki ya tarar da ke a gida.

Allah ya sanyaya zukatanku ku biyu, ya ba ki ƙarfin faɗin kalmar farko.

Taki,
Anti Hilda